Ribaɗi da Sanƙarau a Kwarin Rima

Sa'ad da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Allah ya yi masa rahama, ya ga Gobirawa ba su fasa kawo hari ba, bai zauna cikin Sakkwato yana jiran labarin ɓarna ba, sai ya kafa Wurno ta zama ribaɗi, ya tare can da malamai da mayaƙa, har wa'adinsa ya cika a 1837 aka yi masa makwanci a cikinta. Manufar ribaɗi kuwa, a tsare bakin iyaka tun abokin gaba bai ɗaura sirdi ba. Bello, wanda ya wallafa littattafai a ilmin ɗibbu, ya kuma san umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na kada a shiga garin da annoba ta sauka, kada na ciki su fita.

To, akwai wani abokin gaba da mutanen Sisawa da sauran ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo suka san lokacinsa kamar yadda suka san na shuka, shi ne sanƙarau. Domin idan ƙurar hunturu ta busar da maƙogwaro, zafin bazara ya biyo baya, sai a ji yaro na kukan ciwon kai, wuya ya sandare, kuma cutar ba ta lafawa sai ruwan farko ya sauka. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta halaka sama da 11,000, kuma wannan musiba ce ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka kafa rumbun allurar ko-ta-kwana a 1997.

Amma rumbu daban, ribaɗi daban. An yi wa jama'a rigakafin sanƙarau nau'in A tun daga 2011, aka ga sauƙi, aka saki jiki, sai ga nau'in C ya ɓullo daga Zamfara ya shigo Sakkwato a 2017, alhali allurarsa ta yi ƙaranci a duniya baki ɗaya, aka rasa rayuka fiye da 1,000 a faɗin Nijeriya. Sai a Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke ba da kariya daga nau'i biyar na cutar. Ita ma ɗin, abin takaici, ta iso ne bayan cutar ta riga ta shiga gari a Jigawa da Yobe.