Bindiga Mai Cin Ubangijinta

Wanda ya fita Kano ya kama hanyar Zariya, in ya wuce Kura ya doshi Kadawa, ba abin da zai gani dama da hauni sai shinkafa da alkama da tumatir, ga ruwa yana gudu cikin magudanai ko da tsakiyar rani. Ruwan nan daga Tiga yake zuwa, watau madatsar da aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, shi ke shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Tiga kuwa ƙasar Bebeji take. To, a Bebejin nan ne Kanawa suka fara ganin bambancin bindiga da bindiga, tun ba a yi mafarkin ruwan ba.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Littafin tarihin Kano ya nuna an kawo bindigogi daga Nufe zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, kana Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga su tsare shi. Amma wace irin bindiga ce? Irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a tura tsumma, a tura dalma, a danna da sanda, sa'an nan a ja kunama, ƙanƙara ta ba da wuta. Kafin mai ita ya sake ɗuri, maharbin baka ya saki kibiya da dama. In raɓa ta taɓa albarushin, sai ta yi shiru. In kuwa mai ɗuri ya cika hannu, ko ya bar fili tsakanin albarushi da dalma, sai ta tsage, ta tafi da yatsunsa, wani lokaci har da ido. Don haka ne barade suka daɗe suna raina ta, suka bar wa bayin sarki. Ba mu ga laifinsu ba ƙwarai.

A 1890 sarakunan Turai suka yi taro a birnin Brussels, suka ƙulla alkawari kada a sayar wa mutanen wannan sashe na Afirka bindigogin zamani, sai dai irin na ɗurin baki. Jama'a, ku duba abin da wannan ya haifar bayan shekara 13. Ran 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da soja wajen 700, da igwa 4, da bindiga mai ruwa 4. Ran 1 ga Fabrairu suka iso Bebeji, aka rufe musu ƙofa, igwa ta fasa ta. Ran 3 ga wata suka shiga birnin Kano, Sarki Alu yana can hanyar Sakkwato. Ba jaruntaka ce ta ƙare ba, makami ne ya fi makami.

Kada fa a zaci ta Turawa ba ta da ciwo. Bindiga mai ruwa, wadda suke kira Maxim, an laƙaba mata wannan suna ne domin bututunta yana cikin tulun ruwa mai sanyaya shi, in an yi ta harbi ba hutawa ruwan har tafasa yake yi. Harsashinta kuma a jere yake cikin ɗamarar zane mai cin 250, in zanen ya jiƙe ya kumbura, sai ta cije. A Satiru, kusa da Sakkwato, ran 14 ga Fabrairu 1906, talakawa masu gatari da fartanya suka auka wa sojan doki tun ba a sami damar kafa ta ba, suka kashe Turawa 3 da soja 25, suka tafi da ita. Wata na zagayowa aka dawo aka shafe garin.

Akwai ƙa'idar da ake bi a filin koyon harbi. In an ja kunama ba ta tashi ba, ba a juyo da ita, ba a leƙa bakinta. A bar ta tana fuskantar abin bara kamar rabin minti ko fiye, gama wani harsashin jinkiri yake yi, sa'an nan ya tashi. In ta yi ƙara maras ƙarfi, a dakata a duba, watakila dalma ta maƙale a bututu, na biyu in ya tarar da ita bindigar fashewa za ta yi. Ba a sa mata harsashin da ba nata ba, ko wanda ya yi tsatsa. Ajiya ma haka: ran 27 ga Janairu 2002 rumbun makamai na barikin Ikeja ya kama da wuta, mutum fiye da 1,000 suka halaka, yawancinsu cikin wata magudanar ruwa suka faɗa garin gudu da duhu.

Mu komo gida. Har wa yau adaka tana nan hannun mafarauta da 'yan sintiri, ga kuma 'yan bindigar sarki ran hawan salla. Abin da ya dame mu shi ne waɗansu maƙera da bututun famfo suke ƙera ta, ƙarfen da aka yi don ruwa, ba don wuta ba. Waɗansu kuma sukan fasa harsashin zamani su juye garinsa a ciki, alhali kuwa ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba. A ƙasar noman rani hatsarin ya ƙaru, domin danshi ba ya ƙarewa, laka kuma tana ko'ina. Mutum ya tsallake magudana da dare, ya dogara bakin bindiga ƙasa bai sani ba, laka ta toshe shi. Toshiyar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba ta isa ta tsaga bututun.