Zufar Dare Tsakanin Likitancin Sin da Ƙasar Kuza

Zufar da ke jiƙa mutum yana barci har ta tashe shi tsakar dare tsohuwar alama ce a littattafan likitancin ƙasar Sin, inda ake kiranta dao han, wato zufar ɓarawo, domin takan fito ne a ɓoye idan ido ya rufe, ta kuma ɗauke da zarar an farka. Sunan ya zo a rubutun Zhang Zhongjing, likitan da ya rayu wajen shekara ta 200 Miladiyya, kuma malaman da suka biyo bayansa sun danganta ta da ƙarancin yin, wato ɓangaren sanyi da danshi na jiki, wanda idan ya yi rauni sai zafin ciki ya rinjaye shi ya koro ruwa waje. Don rashin barci kuwa, Zhang ya rubuta haɗin da ginshiƙinsa ƙwallon wata bishiya ce 'yar uwar magarya da kurna.

Wannan fahimta ba za ta zama baƙuwa ga Bahaushe ba, tunda shi ma da zafi da sanyi yake auna cuta, sai dai a Jos sanyi ne ya fi ɗaukar laifi. Garin yana bisa tudun da ya haura mita 1,200, kuma tun da Turawa suka fara haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Zariya a 1914, leburori suka yi ta kwararowa daga ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato, suka tarar da mutanen ƙasar irin su Birom da Afizere da Anaguta da kuma Rukuba masu kiran kansu Bache, waɗanda sunansu ne Anguwan Rukuba da ke Jos ta ɗauka. Wahalar sanyin ta fi muni tsakanin 1942 da 1944, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa dubban talakawa aikin kuza saboda Yaƙin Duniya na Biyu: mutumin da ya saba da zafin Sakkwato ya wuni tsaye cikin ruwan ramin kuza, ya kwana a bukkar bariki cikin cunkoso ba isasshen mayafi, kuma da yawa ciwon ƙirji ya kashe su.

A irin wannan wuri, wanda ya farka rigarsa sharkaf alhali hunturu na kaɗawa ya san ba lafiya ba. Abin da aka fi yi masa shi ne sirace: a tafasa ganyen darbejiya da na lemun tsami a tukunya, a lulluɓe shi da bargo a kanta har zufa ta keto, bisa imanin cewa sanyin da ya shiga jiki da zufa yake fita. Ga masassara mai sauƙi hakan yakan kawo sa'ida, amma idan zufar ta haɗu da tarin makonni da rama, to sau da yawa tarin fuka ne, wanda Robert Koch ya gano ƙwayarsa a 1882, kuma babu siracen da ke kashe ta. Jinkirin da ake yi a kan tukunya kafin a nufi asibiti ya ci rayuka da dama, abin da ba ya daɗin tunawa.

Abin da ya iso Anguwan Rukuba daga wancan tsohon ilimi na Sin maganin da aka samo daga ganye ne, ba bayanin yin ba. A 1972 Tu Youyou da abokan aikinta, bisa ishara daga littafin Ge Hong na ƙarni na 4, suka tace sinadarin atemisinin daga wani tsiro dangin tazargade, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015, kuma haɗin da aka gina a kansa ne Nijeriya ta mayar maganin farko na zazzaɓin cizon sauro a 2005, shi ne kuma ake saya yau a kemis-kemis na unguwar idan sanyi da zufa suka hana yaro barci.