Ƙwaƙwalwa da Homon: Hujja daga Maƙoƙon Tsaunukan Jos

Jikin ɗan Adam yana isar da saƙo ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce jijiyoyi, waɗanda saƙo ke ratsawa cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Ta biyu ita ce jini, inda wasu gaɓoɓi ke zuba sinadaran da Ernest Starling ya kira homon a 1905. Aikinsu yana ɗaukar mintoci, wani lokaci shekaru. Hanyoyin biyu sun haɗu a gindin ƙwaƙwalwa, inda sashen haifotalamas ke sarrafa ƙwayar fitutari, ita kuma ta sarrafa tayirod a wuya, da adirinal a saman ƙoda, da gaɓoɓin haihuwa. Geoffrey Harris ya kafa wannan bayani a littafinsa na 1955, sannan Roger Guillemin da Andrew Schally suka tace homon na farko daga haifotalamas a 1969, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1977. Har nan babu gardama.

Gardamar tana kan abin da aka gina a kan wannan bayani. Ra'ayin da ya yaɗu a littattafan koyarwa shi ne ƙwaƙwalwa sarki ce, sauran gaɓoɓin kuwa hakimai ne da ke karɓar umarni daga fada. Masu wannan ra'ayi suna neman asalin ɗabi'a a cikin ƙoƙon kai kaɗai, su bar cututtukan homon a matsayin ciwon jiki da bai taɓa hankali ba sai a kaikaice. Da alama rabin maganar kawai suka riƙe, kuma tayirod ta isa ta nuna haka.

Haifotalamas yana fitar da homon TRH, wanda ke sa fitutari ta fitar da homon TSH, shi kuma ya sa tayirod ta haɗa tairoksin. Idan tairoksin ya wadata a jini, shi da kansa yake komawa ya rage umarnin da ke fitowa daga sama. Sai dai tayirod ba ta iya haɗa shi ba tare da sinadarin aidin ba, aidin kuwa jiki ba ya ƙera shi, daga abinci da ruwa yake shigowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade maikirogiram 150 a rana ga baligi, 250 ga mai juna biyu. In ya yi ƙaranci, fitutari tana ƙara TSH ba ƙaƙƙautawa, tayirod ta yi ta girma tana neman abin da babu. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo. Umarni daga sama bai yanke ba, ya ma ƙaru, amma bai tsinana komai ba.

Tasirin rashin tairoksin a kan hankali an gan shi tun da daɗewa. A 1883 likitan fiɗa Theodor Kocher na Suwizalan ya bayyana yadda marasa lafiyar da ya cire wa tayirod gaba ɗaya suka koma masu nauyin jiki da nauyin tunani, maganarsu a hankali, sanyi yana damunsu. A 1891 George Murray a Ingila ya yi wa wata mai irin wannan larura allurar ruwan tayirod na tunkiya, ta farfaɗo. Ba a taɓa ƙwaƙwalwarta ba, amma kuzarinta da kaifin tunaninta suka dawo.

Tsaunukan Jos suna cikin wuraren da wannan magana ta shafa kai tsaye. Garin Jos yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, nesa da teku, kuma ruwan sama na dubban shekaru yana wanke aidin daga ƙasar tuddai ya gangara da shi. Acca da dawa da dankalin da aka noma a irin wannan ƙasa ba sa ɗauke da aidin mai yawa. Rogon da ba a jiƙa shi sosai ba yana ƙara dagula lamarin, domin yana barin sinadarin da ke hana tayirod kama ɗan aidin da ya samu. Binciken U. P. Isichei na Jami'ar Jos da abokan aikinsa, wanda mujallar Endocrine Journal ta buga a 1995, ya tabbatar da cewa maƙoƙo cuta ce da ta zauna a yankin. Kamar ko'ina, ya fi kama mata.

Mai kare ra'ayin farko yana da amsa, kuma ba mai rauni ba ce. Zai ce misalin Kocher da Murray ya nuna ƙwaƙwalwa ta rasa abin aiki ne na ɗan lokaci, kamar yadda takan yi in sukari ya faɗi a jini. Da aka mayar mata, ta koma yadda take. Ke nan tsarin ɗabi'a yana nan a cikinta, homon bai gina komai ba. Game da baligi, wannan amsa tana da ƙarfi. Inda ta karye shi ne a mahaifa. A watannin farko na ciki tayirod ɗin ɗan tayi ba ta fara aiki ba, kuma har zuwa tsakiyar ciki ya dogara ne da tairoksin na uwa. A daidai wannan lokaci ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke ƙaura zuwa mazauninsu, daga baya su yi rassa, jijiyoyi su sami rufin da ke hanzarta saƙo, kuma tairoksin yana da hannu a kowane mataki. Idan ya yi ƙaranci ƙwarai, ana haifar yaro da naƙasar hankali, sau da yawa tare da kurumta da tsumburewa. Gwajin da Pharoah da Buttfield da Hetzel suka yi a tsaunukan Papuwa Niyu Gini, wanda mujallar Lancet ta buga a 1971, ya nuna allurar mai mai aidin tana hana wannan naƙasa idan mace ta samu kafin ta ɗauki ciki. In cikin ya riga ya yi nisa, ba ta hanawa. Da homon abin aiki ne kawai, da lokacin bayar da shi bai yi wannan tasiri ba. Gaɓar da ake cewa tana ba da umarni, da homon aka gina ta tun farko.

Amsa ta biyu ita ce ƙauyukan da ke fama da ƙarancin aidin su ne dai ke fama da talauci da ƙarancin makaranta, don haka ba a iya ware laifin aidin shi kaɗai. Nan dole hujja ta rage faɗi. Nazarin Bleichrodt da Born na 1994, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya sami tazarar kusan maki 13.5 a gwajin basira tsakanin al'ummomin da ke da aidin da waɗanda suka rasa, amma wannan matsakaici ne na al'ummomi, ba hukunci a kan wani ƙauye na Bassa ko Pankshin a Filato ba. Girman maƙoƙo a wuya ba ma'aunin basira ba ne. Mutane da yawa masu maƙoƙo tayirod ɗinsu tana fitar da homon daidai gwargwado. Abin da hujja ta ɗauka shi ne saurin fahimta, da ji, da kuzari. Ba ta kai ga gaskiya da amana da kunya ba, waɗanda Hausawa suka fi nufi in sun ce hali zanen dutse. Haka kuma masu neman fassara rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010 da zafin homon na matasa sun faɗa kuskuren farko ta ɗaya gefen. Kotisol da adirinalin, homon da adirinal ke fitarwa, suna tashi ne bayan ƙwaƙwalwa ta fassara abu a matsayin barazana, fassarar kuwa daga tarihi da siyasa da unguwa take fitowa.

Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri a 1993, kuma a 2005 ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka amince ta cika sharuɗɗan wannan shiri. Ƙasar tsaunukan dai ba ta canza ba, aidin ɗinta bai dawo ba, kariyar ta rataya ne a kan gishirin da ake saye a kasuwa da kuma sa idon hukumar NAFDAC. Saboda haka awon aidin ga masu juna biyu a asibitocin Filato, daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos har zuwa ƙananan asibitocin karkara, aiki ne na kare ƙwaƙwalwa, kuma ya kamata masana ɗabi'a su lissafa shi cikin fagensu.