Tuna Baya: Littafin Soyayya a Ajinmu

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, ko kun tuna 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa? A lokacin ne littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, In Da So Da Ƙauna, ya shigo hannunmu a Haɗejiya daga Kano. Karɓa-karɓa muke yi, muna karantawa a ƙarƙashin tebur. Wanda aka kama kuwa, sai bulala.

Ranar da malaminmu na Hausa ya kama ni, na saddaƙar zan sha duka. Sai ya ce in miƙe in karanta wa aji. Ya ɗauko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga tun 1934, ya sa muka kwatanta jigo da salonsu. Ran nan har 'yan bayan aji, masu sulalewa fadama kamun kifi, sai da suka ɗaga hannu.

A 2007 an ƙona irin waɗannan littattafai a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Shi ma malaminmu tarbiyyar yake nema, amma ya gane da abin da yaro ke so ake jawo shi. Allah Ya saka masa da alheri, amin.