Asalin Kalma: Tafireta

Daga kalmar Turanci "typewriter" Bahaushe ya samo "tafireta", ya mai da "p" ta koma "f" kamar yadda ya yi wa "fensir". Ta shigo ne zamanin ofisoshin En'e, har da na Haɗeja. Wasu kan ce keken rubutu.

Haruffanta faɗinsu ɗaya: gurbin "i" daidai yake da na "m", domin kowane bugu taku ɗaya take matsawa. Yawancin tafiretoci ba su da ɓ, ɗ, ƙ, sai akawu ya ƙara lanƙwasa da biro.

Kwamfutocin farko sun gaji wannan tsari na haruffa masu faɗi ɗaya. Har yau ana ganin tsarin: dubi rasiɗin POS a kasuwar kifin Haɗeja: lambobi na hawa kan juna daidai, lissafi ya zo da sauƙi.