Kiɗan da Aka Ƙera a Masana'antun Birmingham

Ranar Juma'a, 13 ga Fabrairun 1970, kamfanin Vertigo ya fitar da faifan farko na wasu samari huɗu 'yan unguwar Aston da ke Birmingham. Wuni guda suka yi suna naɗarsa a Landan, a watan Oktoban 1969, kusan kamar yadda suka saba kaɗawa a gidajen rawa. Masu sharhin kiɗa a jaridu suka yi masa ca, suka ce hayaniya ce kawai. Matasa ba su saurare su ba, suka yi ta saye har ya hau mataki na takwas a jerin fayafayan da suka fi kasuwa a Birtaniya. Sunan ƙungiyar da na faifan ɗaya ne, Black Sabbath, kuma daga nan yawancin masu tarihin kiɗa ke fara lissafin salon da ake kira hebi metal.

Mai kallon ƙwallo ya san Aston saboda Aston Villa. A wancan zamani kuwa unguwar ma'aikata ce, gidajen jan bulo a manne da juna, hayaƙi ya rine bangonsu. Birmingham ta yi suna da birni mai sana'a dubu: bindiga, babur, mota, ƙusa, sarƙa, har kekunan Hercules a Aston ake ƙera su. Wannan ne ya sa jiragen Jamus suka yi mata ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu, mutum fiye da dubu biyu suka mutu. Yaran da aka haifa a 1948 da 1949 a kufan gidajen da bam ya rusa suka yi wasan ƙuruciya. Da yawansu suna cika shekara 15 suke barin makaranta, ƙofar masana'anta na jiransu.

Haka rayuwar Ozzy Osbourne, mawaƙin ƙungiyar, ta fara. Ubansa ma'aikacin dare ne a kamfanin GEC, uwarsa na aiki a masana'antar Lucas, su shida aka haifa a ƙaramin gida. Ya yi leburanci, ya taɓa koyon aikin famfo, ya yi aikin gwada hon ɗin mota, ya yi aiki a kwata, ya kuma yi makonni shida a kurkukun Winson Green kan laifin fasa shago. Abokin kiɗansa Geezer Butler, ɗan iyayen da suka zo daga Ayalan, yana koyon aikin akanta. Bill Ward shi ne makaɗin ganga.

Labarin Tony Iommi, makaɗin jitarsu, shi ya fi dacewa a tsaya a kai. Yana ɗan shekara 17 yana walda a wata masana'antar sarrafa fallayen ƙarfe, ya samu gurbi a wata ƙungiyar makaɗa da za ta tafi yawon wasa Turai, ya sanar cewa zai bar aiki. A ranarsa ta ƙarshe ya zo gida cin abincin rana da niyyar ba zai koma ba, uwarsa ta ce ya je ya ƙarasa wunin. Mai kula da injin matse ƙarfe ba ta zo ba ranar, aka ɗora shi a kai ba tare da ya san kansa ba. Injin ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da mai bi masa. Iommi bahago ne, da hannun daman yake danna tsirkiya. A asibiti aka ce masa ya manta da kiɗa.

Wani shugabansa na wurin aiki ya kai masa faifan Django Reinhardt, gwanin jita da gobara ta nakasa wa yatsu biyu amma bai daina kiɗa ba. Iommi ya narkar da robar sabulun wanke kwanuka, ya dunƙula ta, ya huda da ƙarfe mai zafi daidai yatsansa, ya yi ta gogewa har ta yi sumul, sannan ya manna mata fatar da ya yanko daga tsohuwar riga don kada ta zame. Tsirkiya mai kauri na yi masa ciwo, sai ya nemo sirara irin na banjo. Daga baya ya sassauta ɗaurinsu, abin da ya fito fili a faifan Master of Reality na 1971. Tsirkiya in ta yi sako-sako, muryarta kan yi ƙasa ta yi kauri. Nauyin da makaɗa a faɗin duniya suke kwaikwayo har yau, wani ɓangarensa daga raunin da injin masana'anta ya yi wa yaro ɗan talakawa ya samo asali.

Sunan ƙungiyar daga wani fim mai ban tsoro na 1963 suka ɗauko shi, wanda Boris Karloff ya fito a ciki, kuma sunan ya jawo musu zargin bautar shaiɗan. A ganina zargin ya rufe wa mutane ido daga abin da waƙoƙin ke faɗa. Butler, wanda ya rubuta mafi yawansu, a gidan Katolika masu riƙo da addini ya tashi, shaiɗan a baitocinsa abin tsoro ne. Waƙar War Pigs da ke faifan Paranoid, wanda ya kai mataki na ɗaya a 1970, tsinuwa ce ga manyan da ke ƙulla yaƙi su tura 'ya'yan talakawa su mutu, ana tsaka da yaƙin Biyetnam. Samarin Kalifoniya na waƙar furanni da soyayya a lokacin, ɗan Aston bai ga furen a unguwarsu ba. Giya da ƙwaya sun yi wa 'yan ƙungiyar mummunar illa daga baya, su ne ma sanadin korar Ozzy a 1979, kuma wannan ba abin yabo ba ne.

Mu nan mun san kiɗan sana'a: dundufa ta maƙera, kalangu na mahauta. Sai dai namu zuga mai sana'a yake yi ya ji daɗin gadonsa, na Birmingham kuwa na 'ya'yan da ke neman tsira daga aikin iyayensu ne, ga shi ƙarar aikin ta riga ta zauna musu a kunne. Rob Halford na ƙungiyar Judas Priest, wanda ya tashi a Walsall, ya sha ba da labarin yadda dukan manyan gudumomin wata ma'aikatar ƙarfe ke girgiza teburinsa a aji, da yadda yake shaƙar hayaƙinta a hanyar makaranta. Abokin kiɗansa Glenn Tipton ya yi aiki a kamfanin ƙarfe na British Steel, sunan da suka raɗa wa faifansu na 1980.

A farkon shekarar ta 1980 ma'aikatan kamfanin suka yi yajin aiki na wata uku. Masana'antun yankin suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, aikin da samari ke gudu ya zama abin nema ido rufe, kuma waƙar Breaking the Law ta cikin faifan da bakin marar aikin yi aka rera ta. Birnin ya daɗe kafin ya rungumi 'ya'yansa: sai a 2019 aka sa wa wata gada a titin Broad Street sunan Black Sabbath. Ranar 5 ga Yulin 2025 su huɗun suka yi wasansu na ƙarshe a filin Villa Park, Ozzy na zaune a kujera saboda cutar Parkinson, kuɗin da aka tara aka ware wa asibitin yara na Birmingham da wasu ƙungiyoyin agaji biyu. Ozzy ya rasu ranar 22 ga watan, yana da shekara 76.