Nazarin Hulɗar Ƙwadago

Nazarin hulɗar ƙwadago fanni ne na ilimi da ke duba dangantaka tsakanin ma'aikata, masu ɗaukar aiki da gwamnati. Ya ƙunshi dokokin aiki, tsarin albashi, ƙungiyoyin ƙwadago, yajin aiki da hanyoyin sasanta rikici a wurin aiki. A Najeriya wasu jami'o'i, kamar Jami'ar Legas, suna da sashe na musamman domin wannan fanni, wasu kuma suna koyar da shi a cikin darussan gudanar da kasuwanci, gudanar da mulki ko nazarin zamantakewa.

Abin da ake karantawa

Ɗalibai suna nazarin Dokar Ƙwadago da Dokar Rikicin Ma'aikata ta 1976, wadda ta kafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Suna kuma duba tarihin Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, NLC, da aka kafa a 1978. Daga cikin misalan kwanan nan akwai yajin aikin wata takwas da malaman jami'o'i suka yi a 2022, da kuma mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024.

Shiga kai tsaye

Wanda ya riga ya yi karatu a wata babbar makaranta ba sai ya fara daga aji ɗaya ba. Hukumar JAMB tana da tsarin shiga kai tsaye, wanda ɗalibai ke kira DE, ga masu difloma, NCE ko sakamakon IJMB, jarrabawar da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita. Wanda aka ɗauka yakan fara daga aji biyu, ya kammala digirin shekara huɗu a cikin uku. Sai dai dole ya kasance yana da kiredit biyar na sakandare, kuma ana tantance takardunsa daga makarantar da ta ba shi su. Wanda aka samu da takardar jabu yana rasa gurbinsa.

Canjin jami'a kuwa hanya ce daban: ɗalibin da ke tsakiyar digiri yana gabatar da cikakken sakamakonsa, sannan jami'ar da yake son komawa ta amince.

A Sakkwato

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da babban mazauninta a ƙaramar hukumar Wamakko. Tana karɓar masu shiga kai tsaye, ciki har da masu difloma daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Tsarin yana da amfani musamman ga ma'aikatan gwamnati masu neman digiri domin ƙarin girma. Wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi.